Ɗorawa da saukewa a intanet: Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya sani, daga Briqueterie zuwa bakin iyaka

Unguwar Briqueterie da ke gunduma ta biyu a birnin Yawunde, wadda mutanen gari ke gajarce wa suna su ce Brik, ita ce babbar unguwar Hausawa a hedikwatar ƙasar Kamaru. Ta samo sunanta ne daga wata masana'antar bulo da aka yi a wurin a zamanin mulkin mallaka, kuma an daɗe da sanin ta da tsire, wanda 'yan ƙasar ke kira soya, da shagunan yadi da shadda, da kuma teloli masu aikin wuya na manyan riguna. Fatake Hausawa sun fara isa Yawunde tun zamanin Jamus, a ƙafa, kaya a kan 'yan alaro.

A yau kayan suna zuwa ne a manyan motoci da kuma jirgin ƙasa na Ngaundare, amma ciniki yakan riga kaya isa. Hoton shadda yakan baro Kantin Kwari a Kano ya shigo wayar mai shago a Brik tun kafin a ɗaure bandir, haka kuma hoton rigar da tela ya gama yakan isa Kye-Ossi ko Garoua-Boulai tun kafin a kai rigar tasha. Sai dai duk inda 'yan kasuwa suka taru, ba a rasa jin koke-koke guda biyu. Wani ya ce data ta ƙare bai san abin da ya yi da ita ba, wani kuma ya ce ya tura hoto tun safe amma mutuminsa ya rantse bai gani ba. Sau da yawa tushen koken biyu ɗaya ne, wato rashin bambance ɗorawa da saukewa.

Hanya biyu ce

Duk wanda ya san tasha ya san lodi ya san sauke kaya. Haka abin yake a intanet. Idan hoto ko bidiyo ko takarda ko saƙon murya ya fita daga wayarka ya hau intanet, ka ɗora ke nan, abin da Bature ke kira aflod. Idan kuwa ya taso daga intanet ya shigo wayarka, ka sauke, wato dawunlod. A fuskar waya akan nuna ɗorawa da kibiya mai kallon sama, saukewa kuma da kibiya mai kallon ƙasa. Masu amfani da Faransanci sun fi shiga ruɗani a nan, domin kuwa kalmar telesharje da kowa ke faɗa a Yawunde da Duwala ana amfani da ita ga duka biyun, ko tura abu aka yi ko karɓa.

Amma akwai inda misalin tasha ya tsaya. Idan ka yi lodin dila goma a mota, sun bar shagonka ke nan. A intanet kuwa kwafe ake yi: hoton da ka ɗora yana nan a wayarka, kwafinsa ne ya tafi. Haka wanda ya sauke, kwafi ya samu, na asalin yana nan a inda ya ɗauko shi. Wannan ne ya sa hoto ɗaya zai iya zama a waya dubu a lokaci guda, kuma, kamar yadda za mu gani a gaba, shi ya sa abin da ya fita yake da wuyar dawowa.

Wani abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, kallo ma saukewa ne. Mai kallon wa'azi ko fim ɗin Hausa a YouTube, ko mai zagaya Facebook da TikTok, yana saukewa ne ko da bai danna komai ba. Bambancin kawai, abin ba ya zama a wayar bayan an gama kallo, don haka idan ya sake kallo gobe, galibi sai ya sake biya. Shi kuwa mai zuwa wurin masu turi a kasuwa a zuba masa waƙoƙi a memori, ko mai karɓar bidiyo daga wayar abokinsa ta Xender ko Bluetooth, bai taɓa intanet ba sam, shi ya sa datarsa ba ta raguwa.

Inda saƙo ke yada zango

Mai karatu zai iya zaton cewa idan tela a Brik ya tura hoto ga mai kaya a Mubi, hoton yana tashi ne daga waya zuwa waya kai tsaye. Ba haka ba ne. Akwai zango a tsakani, wato wasu manyan kwamfutoci na kamfanin da ake amfani da manhajarsa, waɗanda ake kira uwar garke. Aikinsu kamar na maigidan fatake ne a da: a ajiye kaya a wurinsa har mai su ya zo ya ɗauka. Tela zai ɗora hoton zuwa ga uwar garke, sannan na Mubi ya sauke daga can. Tafiya biyu ke nan, kuma kowa da kuɗinsa yake biyan tasa.

Wannan shi ne fassarar alamomin da ake gani a WhatsApp. Alamar agogo na nufin saƙon bai ma bar wayarka ba. Maki ɗaya, irin wanda malamin makaranta ke yi wa yaron da ya ci, na nufin ɗorawa ta kammala, saƙo ya isa zango. Maki biyu na nufin ya isa wayar mutuminka, idan kuma suka zama shuɗaye ya buɗe. Saboda haka wanda ya ga agogo ya daina zargin abokin cinikinsa, matsalar tana wajensa. Wanda ya ga maki ɗaya kuwa ya gama nasa, wayar ɗayan ce a kashe ko ba ta da data. Ko da maki biyu ne, mai yiwuwa hoton yana nan dishi-dishi a wajen mai karɓa bai danna ya sauke ba. Kamfanin ya bayyana cewa saƙon da bai isa ba yakan jira har kwana 30, daga nan a goge shi. Don haka rasit ko takardar kaya da aka turo maka, ka sauke ta a ranar, kada ka bari sai rigima ta taso bayan wata uku.

Su waɗannan kwamfutoci galibi ba a Kamaru ko Nijeriya suke ba. Saƙo yakan bi wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku. Kamaru tana da irin su SAT-3 da ta fito a Duwala, wadda ta fara aiki a 2002, da WACS da ta fito a Limbe, da wadda ta haɗa Kribi da Legas, da kuma SAIL da aka kammala a 2018, wadda ta haɗa Kribi da birnin Fortaleza na ƙasar Brazil, tafiyar kusan kilomita 6,000. Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyi huɗu suka lalace a tekun Afirka ta Yamma, wato WACS da SAT-3 da ACE da MainOne, sai intanet ta yi rauni a ƙasashe da dama, har da Nijeriya da Kamaru. A irin wannan rana, maƙwabta biyu a layi ɗaya za su iya kasa tura wa juna hoto, alhali kiran waya na yau da kullum yana shiga.

Me ya sa hawa ya fi sauka wuya?

Kowa ya shaida cewa bidiyon da aka turo masa yakan buɗe nan da nan, amma nasa da zai tura sai ya yi ta juyawa. Dalilai biyu ne. Na farko, kamfanonin sadarwa sun san cewa yawancin jama'a masu kallo ne, ba masu turawa ba, don haka suka faɗaɗa hanyar saukewa suka bar ta ɗorawa a matse. Na biyu kuma batun ƙarfi ne. Ƙarfen sabis da ke kan tudu yana aika saƙo da ƙarfin wat gommai, yana da lantarki ko janareta a gindinsa. Ita kuwa wayar 4G da ke aljihunka galibi ba ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na wat guda ba, kuma da ɗan batirinta take yi. Kamar mai lasifika ne a kan hasumiya da mai amsa masa da fatar baki daga cikin kasuwa. Shi ya sa a cikin shagon da ke can lungu, mai rufin kwano da ƙofar ƙarfe, za ka iya ganin sandunan sabis a fuskar waya, saƙo yana shigowa, amma naka ya ƙi fita. Fitowa bakin titi kawai yakan warware matsalar. Kuma shi ya sa waya ke zafi, caji ya zube, idan ana tura babban bidiyo a wurin da sabis ke da rauni.

A nan ne lamarin ya shafi ɗan kasuwa fiye da kowa. A shekarun da ake zuwa shagon intanet a biya kuɗin awa, abin da ya fi kai mutum shi ne duba wasiƙar imel. Bayan da kamfanin Nexttel ya kawo 3G Kamaru a 2014, sannan MTN da Orange suka samu lasisin 3G da 4G a 2015, sai waya mai kyamara ta mayar da kowane mai shago mai talla. Mai talla kuwa ɗorawa yake yi. Wato abincinsa yana kan hanyar da ta fi matsewa, alhali saurin da kamfanoni suka fi tallatawa na saukewa ne. Wanda zai sayi layi ko na'urar wayfay don shago, ya gwada ta a cikin shagon nasa da manhaja irin su Speedtest. Za ta ba shi lamba biyu, ta farko ta saukewa, ta biyu ta ɗorawa. Ta biyun ce tasa.

Haka abin yake a kiran bidiyo, inda ake ɗorawa da saukewa a lokaci guda. Idan kana ganin mutuminka sarai amma shi ya ce hotonka ya daskare, to galibi ɗorawarka ce ta gaza.

Lissafin mega

Data, wadda a Kamaru aka fi kira mega, ba ta san hawa ko sauka ba: duk abin da ya wuce ta layinka, ko fita ko shigowa, ana cire shi daga abin da ka saya. Kimanin mega 1,000 ne giga ɗaya. Hoton wayar zamani yakan kai mega 3 zuwa 5 idan ba a matse shi ba, ɗan gajeren bidiyo kuwa yakan ci mega gommai, shi kuma saƙon murya da rubutu ba su da wani nauyi.

Akwai wani tarko a wajen ma'auni. Ana auna nauyin fayil da megabayit, amma ana auna saurin layi da megabit, kuma megabit 8 ne ke yin megabayit ɗaya. Alal misali, a ce mai shago ya ɗauki bidiyon sabbin atamfofi mai nauyin mega 30. Idan aka ninka sau 8 ya zama megabit 240. Idan layinsa yana ɗora megabit 2 a daƙiƙa, zai jira minti 2 cif. Abokin cinikinsa da ke sauke megabit 20 a daƙiƙa kuwa, cikin daƙiƙa 12 ya gama. Bidiyo ɗaya ne, amma jiran ya ninka sau goma.

Sai kuma batun zaure, wato gurup. Idan aka jefa wannan bidiyo a zauren 'yan kasuwa mai mutum 200, mai turawa ya biya mega 30 sau ɗaya, amma idan kowa ya sauke, an ƙona mega 6,000 a tsakanin jama'a. Wanda ya bar wayarsa tana sauke komai da kanta, kuma yana cikin zaure goma ko ashirin, ga inda datarsa ke zurarewa yana barci. Maganin yana cikin saitin WhatsApp, a sashen ajiya da data: a kashe saukewar kai-tsaye ta bidiyo da takardu, sai abin da mutum ya danna da hannunsa. Ga mai talla kuma, ɗora kaya a sitatus, wanda ke zama awa 24, ko miƙa saƙon da aka riga aka tura, ya fi sauƙi a kan sake ɗaukar sabon bidiyo ga kowane mai saye, domin abin da ya riga ya isa zango ba kasafai yake sake hawa daga farko ba. Sai dai tun 2019 kamfanin ya taƙaita miƙawa zuwa wuri biyar a lokaci guda.

Hoton da ya isa ba shi ne ya tashi ba

Masu harkar yadi da teloli suna da wata matsala ta daban. Domin a rage nauyi, WhatsApp yakan matse hoto kafin ya ɗora shi, hoton mega 4 ya koma ƙasa da rabin mega. Ga hoton biki wannan ba komai, amma ga shadda mai zane a jiki, ko leshi, ko aikin wuya da ake son a ga zaren ɗaya bayan ɗaya, abin da aka zubar wajen matsewar shi ne abin da mai saye ke son gani. Daga nan ake samun wanda ya biya kafin alƙalami a kan hoto, kaya suka iso ya ce ba su ya gani ba.

Hanya biyu ce ta gyara. Tun 2023 akwai alamar HD da ake dannawa kafin a tura hoto, wadda ke rage matsewar. Wadda ta fi ita ce a tura hoton a matsayin takarda, wato dokumen, domin a haka yakan tafi yadda yake, kuma tun 2022 ana iya tura fayil har mai nauyin giga 2 ta wannan hanya. Za a ƙara biyan mega, amma bai kai kuɗin motar mayar da bandir daga Yawunde zuwa Kano ba. Duk da haka launi yakan bambanta daga fuskar wata waya zuwa wata, saboda haka a haɗa hoto da lambar kaya ko sunan launi a rubuce.

Magana zarar bunu

Tunda kwafe ake yi, abin da aka ɗora ya fita daga hannun mai shi. Gaskiya ne akwai damar goge saƙo daga wayar kowa cikin wani ɗan lokaci, amma idan mutum ya riga ya adana hoton ko ya ɗauki hoton fuskar wayarsa, an gama. Sabon zanen da tela ya ɓata sati yana fitarwa, idan ya hau sitatus da safe, kafin la'asar yana iya kasancewa a wayar wani tela a Garwa ko Marwa. Wasu kan rubuta sunan shago a tsakiyar hoton, wasu kuma ba sa nuna sabon aiki sai mai shi ya karɓa.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne takardun shaida. A yau akwai wuraren da dole a ɗora su. Hukumar kwastan ta Kamaru ta koma tsarin kwamfuta na CAMCIS a 2020, kuma tun 2023 duk baƙon da ke bukatar bizar Kamaru ta intanet yake nema, yana ɗora takardunsa. Wannan ya sa mutane suka saba da tura hoton katin shaida da fasfo, har ta kai duk wanda ya tambaya sai a tura masa. Da irin wannan hoto macuta kan iya buɗe layi ko asusu da sunan mutum. A tabbatar da wanda ake tura wa, kuma wanda ya je shagon intanet aka ɗora masa takardu, ya tsaya a goge kwafin daga kwamfutar kafin ya tashi.

Akwai kuma ɗorawar da take ceto. Da yawa daga cikin 'yan kasuwa littafin bashinsu yana cikin WhatsApp ne, a saƙonnin murya da hotunan rasit. Idan wayar ta faɗi a tasha ko aka sace ta, abin da aka ɗora a ma'ajiyar Google Drive, ko iCloud ga masu iPhone, shi kaɗai za a iya saukewa a sabuwar waya. Google na ba kowane asusu giga 15 kyauta, kuma tun 2024 ajiyar WhatsApp tana cin wannan wuri, don haka idan ya cika ajiyar ta tsaya. A riƙa dubawa, a cire bidiyo daga ciki don ya yi sauƙi, kuma a rubuta adireshin imel da kalmar sirrinsa a wuri amintacce.

Ba duk abin da ya sauko ne alheri ba

Ɗorawa na fitar da sirri, saukewa kuma na iya shigo da ɓarawo. Manhajar da aka turo a zaure aka ce a sauke don samun data kyauta ko tallafin gwamnati, tana iya zama mai karanta saƙonnin waya, har da lambobin sirri na banki. A tsaya a Play Store ko App Store. Su ma jabun WhatsApp irin su GB WhatsApp ba na kamfanin ba ne, kuma yakan rufe layin masu amfani da su, wanda ga mai shago daidai yake da a garƙame masa ƙofa ranar kasuwa.

Haka nan hoton rasit na MoMo ko Orange Money ko na banki da aka turo maka. Abin da ka sauke hoto ne kawai, kuma yaro ma zai iya gyara adadin da ke jikinsa. Kuɗi ba sa bin WhatsApp. Kafin a saki kaya, mai shago ya duba ragowar asusunsa da kansa, ta lambar kamfani ko manhajar banki.

A bakin iyaka

Waɗanda ke cin kasuwa a Amchide da Banki, ko Fotokol da Gamboru, ko Kusiri da ke kallon Njamena, ko Kye-Ossi da ke maƙwabtaka da Gabon da Ikwatoriyal Gini, suna da ƙarin abin lura. Sabis bai san shingen kwastan ba. Waya na iya kama ƙarfen ƙasar maƙwabta alhali mutum bai tsallaka ba, kuma datar da aka saya a gida galibi ba ta aiki a can, sai a riƙa cira daga kuɗin kira a farashi mai tsada. Idan a wannan lokaci ne wayar ta tashi sauke bidiyon zaure ko ɗora ajiyar dare, kuɗin sun tafi. A kashe romin na data, mai layi biyu kuma ya tabbatar da wanne ne ke ɗauke da intanet.

Kafin a kama hanya, a sauke duk abin da za a bukata tun ana cikin gari: takardun kaya, rasit, lambobin direba da na dillali, har da taswirar hanya. Abin da aka sauke yana buɗewa ko babu sabis, amma wanda aka bari a zango ba zai amfane ka ba a gaban jami'i a dajin da waya ba ta kamawa. Abin da za a ɗora kuwa, in mai nauyi ne, a bari sai an samu sabis mai ƙarfi, ko da sassafe kafin jama'a su cika layi, kuma kada a mayar da waya aljihu sai an ga agogo ya koma maki.

Allah Ya ba da kasuwa mai albarka, Ya kai kowa gida lafiya.